NOMA DA KIWO: Kafinta Ya Kori Gara, Ya Haɗa Da Zomaye

A makon jiya na yi alkawari cewa yau za mu ƙarasa maganar adana wake a rumbu, to, amma ina neman gafara, domin wani abu da na gano a Mubi ya tsaya mini a rai, ba kuwa zan sami sukuni ba sai na faɗe shi. Wake ya dakata sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

A farkon daminar nan na bi ta Gombi da Hong na isa Mubi, na sauka gidan ƙanwata a unguwar Nassarawo. Tana da yaro ɗan shekara 14, wanda duk sa'ad da na je, tun ban kwance takalmi ba yakan kama hannuna ya ce, "Kawu, zo ka ga zomayena." Wannan karon sai ya gaishe ni ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Da na zagaya bayan ɗaki sai na tarar da sabon keji, baƙi wuluk, yana ƙyalli, yana wari kamar garejin makanikai. Cikin zomaye 7 guda 3 sun mutu, har da uwar garken, sauran kuwa sun takure a lungu, ga harawa a gabansu ko kallonta ba su yi.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Gidan nan suna da awaki kafin watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Mubi kowa ya yi ta kansa, da aka dawo kuwa ko igiya ba a tarar ba. Da yaron ya tasa sai ya fara da zomaye biyu, mace da namiji, kuma daga cikinsu yake sayen littattafansa da takalmin makaranta, wani lokaci har ya taimaki uwarsa da kuɗin cefane. Watau dai abin da ke cikin kejin nan shi ne jarinsa duka.

Ga yadda abin ya faru. Tsohon kejinsa na farin katako ne, gara ta ci shi daga ƙasa, zomaye suka ci shi daga ciki, fitsari ya ƙarasa abin da ya rage. Sai ya tara kuɗi ya je wurin wani kafinta ya roƙe shi ya yi masa wanda zai daɗe. Kafintan, da kyakkyawar niyya, ya dama baƙin man mota da kananzir da maganin ƙwari, ya shafe katakon ciki da waje. Da na je muka gaisa na gaya masa abin da ya auku, sai ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, ai haka muke yi wa katakon rufi tun zamanin maigidana, ban taɓa jin gara ta kusance shi ba." Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Amma ka taɓa ganin wanda ya hau rufin ɗaki ya ciji katako?" Ya yi shiru.

To, nan ne gizo yake saƙar. Katakon rufi da ƙyauren ƙofa da turken shinge, duk abin da ka shafa musu a jikinsu zai tsaya. Katakon da ke cikin kejin zomo kuwa abinci ne, ko ka so ko ka ƙi, domin duk abin da bakinsa ya kai sai ya gaigaye shi. Ba ɓarna ce ke sa shi ba, halittarsa ce. Zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaban sukan ƙaru da kamar milimita 2 kowane mako, watau wajen inci 4 a shekara, saboda haka in bai sami abin da zai goge su ba sai su yi zaƙo-zaƙo su karkace, cin abinci ya gagare shi. Bugu da ƙari zomo ba ya iya amai. Kare in ya ci abin da bai karɓe shi ba sai ya harar ya huta, amma abin da ya wuce maƙogwaron zomo ya wuce ke nan. Sa'an nan ga shi da tsabta kamar kyanwa, kullum yana lasar ƙafafunsa da gashinsa, don haka ko bai ciji katakon ba, man da ya taka zai ƙare a cikinsa.

Haka abin yake ga ɓeran Masar, wanda yara da yawa suke haɗawa da zomaye. Af, bari in ɗan ratse: dabbar nan ba ta da dangantaka da Masar ko kaɗan, asalinta daga duwatsun Kudancin Amurka ne, wajen ƙasar Peru. Bahaushe ne dai duk baƙon abin da ya zo masa sai ya jingina wa Masar, kamar yadda ya yi wa masara, alhali ita ma daga nahiyar Amurka ta fito.

Akwai kuma wata 'yar dabba da waɗansu masu hali a manyan birane suke saya wa 'ya'yansu don sha'awa, ana ce mata hamsta. Ba ta kai tafin hannu ba, wutsiyarta guntuwa ce, tana da jaka a kumatu inda take cusa hatsi kamar gafiya. Labarin yadda ta shigo hannun mutane ya dace da zancenmu ƙwarai. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya tono uwa da 'ya'yanta daga rami a wata gona kusa da birnin Halab na ƙasar Siriya, aka kai 'ya'yan jami'a a Birnin Ƙudus domin binciken cututtuka. Aka sa su a keji mai daɓen katako, sai waɗansu suka gwaguye katakon suka sulale. Daga 'yan kaɗan ɗin da suka rage ne aka sami mafi yawan irin wannan hamsta mai ruwan zinariya da ake kiwo a gidajen Turai da Amurka. Ka ga ashe tun ran farko haƙori ya ka da masana a kan katako, balle kafintan unguwa. Su Turawan da ke kiwon ta sukan sa mata ɗan ɗaki da tsani da wata 'yar ƙafar juyi ta katako da take gudu a ciki da dare, kuma damuwarsu ita ce damuwar ɗan ƙanwata: yaya za a yi katako ya daɗe ba tare da an kashe mai gidan ba? Ni dai ba na ba kowa shawarar kawo hamsta Mubi, domin ba ta jure zafin da ya kai digiri 30, mu kuwa a watan Maris da Afrilu mukan doshi 40. Amma in an riga an saya, abin da zan faɗa ya shafe ta.

Bari mu fara da abin da za a guje wa. Baƙin man da aka juye daga inji ba mai ba ne kawai, yana ɗauke da ƙurar ƙarfen da ya goge da dattin ƙonewar fetur, wanda gwaji ya nuna yana haddasa sankarar fata ga ƙananan dabbobi. Maganin ƙwari kuwa ba sai an faɗa ba. Tsofaffin manoma za su tuna da Gammalin 20, wanda aka yi yayinsa a ƙasar nan har waɗansu suna zuba shi a rafi su kwashi kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, yana taruwa a kitsen dabba, kuma a 2009 aka sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana. Wanda ake kira piya-piya shi ma ba shi da wurin zama a keji. Dalilin da ya sa ke nan da aka kawo shawarar a yanka zomayen da suka rage kafin su mutu a yi asara, malamin dabbobin da muka kira ya hana, ya ce ko an yanka kada kowa ya ci. Fentin mai, musamman tsohon fenti da ke jikin ƙyauren da aka ɓalle daga tsohon gini, yana iya ɗauke da dalma, mu kuwa mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya. Haka kuma katakon da ka ga ya yi kore-kore daga kamfani, galibi an dafa shi da maganin da ke da guba, irin wanda Amurka ta daina amfani da shi a katakon gidaje da wuraren wasan yara tun ƙarshen 2003.

Kafintocinmu suna son katakon dakon kaya, wanda ake ɗora kayan kamfani a kai a shigo da su ta jirgin ruwa, domin yana da araha. To, a duba jikinsa, akwai hatimi. In an ga HT, ma'anarsa da zafi aka gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, wannan ba laifi. In an ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, a bar shi. In kuwa ya yi dabbare-dabbare da abin da ya zube a kansa, ko wane hatimi gare shi a bar wa mai shi kayansa. Katakon nan mai falle-falle da ake mannewa da gam shi ma bai dace da ciki ba, ga gam ɗin, ga shi kuma da ya sha fitsari sai ya kumbura ya ɓare.

To, in an hana mai, an hana fenti, an hana magani, da me za a tsare katako? Amsar ita ce aikin na ƙira ne, tun daga ranar da kafinta ya ɗauki zarto.

Haƙori dai ba a hana shi, sai dai a raba shi da abin da ba a so ya ci. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a kafa katako sa'an nan a buga ragar waya daga waje, don ya fi kyan gani. Sai a juya: raga ta kasance daga ciki, katako daga waje, yadda zomo in ya kai baki waya zai tarar. Inda katako ya zama dole ya fito fili, kamar bakin ƙofa da kusurwa, sai a yanko ɓallin kwanon rufi a lanƙwasa a rufe gefen, a danne bakin kwanon sosai kada ya yanke shi. Zomo ba ya iya kama shimfiɗaɗɗen katako da haƙori, gefe da kusurwa yake nema, in ya rasa su ya haƙura. Kwanon abinci da na ruwa kuwa a bar na katako, a sayi kasko mai nauyi a wurin masu tukwane, ba ya ciwuwa, ba ya kifewa, yana kuma sanyaya ruwa. Bayan haka sai a ba haƙorin haƙƙinsa: a jefa masa reshen gwaba ko na zogale wanda ba a yi wa feshi ba, a kuma wadata shi da harawa da busasshiyar ciyawa, domin taunarsu ce ke goge turamen haƙora. Zomon da ya ƙoshi da harawa ba ya cika damuwa da katako. Amma fa a gargaɗi yara kada su tsinko kowane reshe a daji. Samberu guba ne da ke kashe har saniya, tumfafiya da tinya da bini-da-zugu kuwa duk mai ƙaro fari ko mai kumfa a nisance shi.

Fitsari shi ne maƙiyin da ba a cika lura da shi ba, alhali ya fi haƙori ɓarna. Fitsarin zomo yana da kauri, yana ɗauke da alli, shi ya sa yake barin farin ɓawo a inda ya bushe. Katako kuwa yana tsotse shi kamar soso, ya ruɓe, ya riƙa tashin wani wari mai hawa ido wanda ke lalata huhun dabbar. Maganinsa shi ne kada a bar shi ya kwanta. Daɓen kejin zomo ya zama na raga mai ƙananan idanu, kamar rabin inci da inci ɗaya, ko na tsagaggen gora da aka jera da 'yar tazara, yadda kashi da fitsari za su zube ƙasa a kwashe a kai gona. A sa masa guntun falanki ɗaya da zai kwanta a kai don kada waya ta ci masa dunduniya, kuma wannan falankin a ɗauke shi a matsayin abin da zai ƙare a sake, kada a shafa masa kome. Ɓeran Masar da hamsta su ba a sa su kan raga, ƙafafunsu ƙanana ne, sukan kumbura ko su karye. Nasu daɓen sai a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko na roba mai kauri a kan katakon, a zuba ciyawa. Hamsta tana da wata kyakkyawar ɗabi'a ta zaɓen lungu guda ta mai da shi makewayi, in an ajiye mata kaskon yashi mai tsabta a nan, an ceci sauran kayan. Garin katako na wurin masu yanka, wanda ake kwasowa kyauta don shimfiɗa, ni ba na son sa, domin ba ka san abin da aka yanka ba. Tun a 1967 wani mai bincike a Amurka, Elliot Vesell, ya nuna cewa shimfiɗar katako mai ƙamshi tana sauya aikin hantar ɓerayen gwaji.

Farin ɓawon fitsari yana narkewa da ruwan lemun tsami ko binega, a goge da burushi, a ɗauraye, a shanya. Rana ita ce babban maganinmu wanda Bature yake sayen irinsa da kuɗi, domin shi sai ya sa katakon hamstarsa a tanda ya gasa kafin ya kashe ƙwarin da ke ciki. Saboda haka ya kamata a yi falanki biyu da akwatin haihuwa biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. Akwatin haihuwa ana sa wa uwa shi ne a kwana na 28 da barbara, tun da cikin zomo kamar kwana 31 ne, a huda masa 'yan ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a cire shi in 'ya'yan sun yi kamar mako 3. Wanda yake son ya shafa wani abu lalle, to, ya narka kakin zuma ya murza a ƙasan akwati da gefensa. Ba ya cutarwa ko an lasa, yana rage shan ruwa, amma kada a yaudari kai, ba ya hana haƙori, ba ya hana gara. A Turai akwai fentin ruwa da aka yi domin kayan wasan jarirai, mai ɗauke da lambar EN 71-3, shi masu hamsta suke shafawa su bari ya bushe sarai. In ba a ga wannan lamba a jikin gwangwani ba, kada a yarda da bakin mai kanti.

Wani dalili kuma da ya sa nake nanata wanki da rana shi ne annobar zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Jihar Kwara a 2020. Ƙwayar cutar takan yi watanni a jikin kaya, katako kuwa yana da wuyar tsarkakewa. Kada a sayi tsohon keji a hannun wanda zomayensa suka mutu, kome arharsa. In ciwo ya shiga gida, a wanke da sabulu tukuna, sa'an nan a jiƙa da ruwan bilic, kashi 1 cikin 10 na ruwa, a ɗauraye a shanya. Kada a zuba bilic a kan fitsari ko a haɗa shi da lemun tsami, hayaƙin da zai tashi yana iya ka da mutum.

Saura gara, wadda saboda ita aka yi wannan aika-aika. Garar da ke damunmu daga ƙasa take zuwa, kuma ba ta iya tafiya a sarari, sai ta gina hanyarta ta laka ta bi ciki. Ashe ke nan in an raba katako da ƙasa, an kuma sa ido, an gama da ita. Keji ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa 3, kada ya jingina da bango ko dangar kara. Kowace ƙafa a ɗora ta kan dutse ko bulo, in so samu ne a sa ta cikin ƙaramin gwangwani busasshe, shi kuma a zaunar da shi cikin babba mai ruwa, yadda katakon ba zai jiƙa ba, gara da cinnaka da kwarkwasa kuwa ba su da gada. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin kwarkwasa tana iya cinye jariran zomo a dare ɗaya. A babbake gindin ƙafafun a wuta har su yi baƙi kamar yadda iyayenmu suke yi wa dirkar rumfa, a barbaɗa toka a kewaye, kuma kowace Juma'a yaro ya durƙusa ya duba, in ya ga zanen laka ya kankare.

Irin itacen ma yana da muhimmanci. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, da azarar giginya, da jan tsakiyar maɗaci, duk gara ba ta cika son su ba, amma farin gefen kowane itace abincinta ne. Sandar darbejiya ko ta turare ta isa yin ƙafafu, tun da baki ba ya kai wa can. Da a da ne sai in ce a nemi maɗobiya, to, amma masu sayenta da sunan Madrid sun yi mata ƙarƙaf a dazuzzukan Taraba da Adamawa suna lodawa zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Abin takaici ne a ce yaron da aka haifa a gindin duwatsun Mandara ya fi sanin ta a bayan babbar mota. Waɗansu za su ce a huta a yi kejin ƙarfe zalla. Mai hali ya yi, amma ya sani kwano a ranar bazara tanda ne, zomo kuwa ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, sai an yi masa rufin ciyawa a kai an kuma ajiye shi a inuwa.

Kafin in baro Nassarawo mun kwashe zomayen da suka rage mun sa su a ɗakin ajiya, malamin dabbobi ya duba su. Ɗaya ta ƙara mutuwa a kwana na biyu, 3 suka fara taɓa ganyen zogale. Kafintan, Allah ya saka masa, da kansa ya zo ya ce zai sake wani bai karɓi kuɗin aiki ba, ni na sayi raga da ƙusa. Baƙin kejin kuwa na hana a faskara shi a dafa abinci da shi, an cire ragar an kai katakon can bayan gida ana jingina fartanya. Shekaranjiya yaron ya bugo mini waya da wayar uwarsa, ya ce, "Kawu, ta fara tsige gashin ƙirjinta tana kaiwa cikin akwati." Na ce ya ƙara mata ruwa da harawa, ya kuma bar leƙa ta.

Sai mako mai zuwa, za mu koma kan wake.